Fim ɗin tsoro: a Faransa yaro ake tsarewa, a Damagaram shi ke riƙe da waya

Ƴan uwa na Damagaram, a nan Faransa ba a nuna fim a gidan silima sai ministan al'adu ya ba shi takardar izini, bayan wani kwamiti na CNC, hukumar finafinai ta ƙasar, ya zauna ya kalle shi daga farko har ƙarshe. Matakai huɗu ne: na kowa da kowa, sai wanda aka hana ƴan ƙasa da shekara 12, sai 16, sai 18. Lambar tana jikin hoton tallar fim ɗin, tana kuma kan injin sayar da tikiti. A talabijin akwai ƙarin matakin shekara 10, kuma a yawancin tashoshi fim mai lamba 16 ba ya fitowa kafin ƙarfe 10:30 na dare.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ake aiki da lambar a bakin ƙofa. Wani magidanci ya zo da ɗansa kallon fim ɗin tsoro mai lamba 12, tikiti biyu a hannu, yaron ya rungume kwalin gugguru. Mai duba tikiti, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar ƙanwarsa ba, ta tambayi shekarun yaron. Goma. Ta ce ba zai shiga ba. Uban ya ce ai ɗansa ne, shi ya kawo shi, shi ya biya. Ta ce doka ba ta ware wanda ya zo da iyayensa ba, kuma in ta bar shi gidan silimar za a ci tara. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma matsa daga ƙofar ba. Ta nuna masa inda za a canja masa tikitin zuwa wani fim. A gida wa zai iya faɗa wa uba haka a kan ɗansa? Sai a ce yarinyar ba ta da kunya.

Kada ku ɗauka komai daɗi ne. Tikiti a manyan gidaje ya wuce yuro 10, wato sama da jika 6 da rabi, gugguru da lemo kuma su kusa cinye wani tikitin. Sai ka sha talla ta kusan minti 20 kafin a fara. Sau da yawa ba mutum a wurin sayarwa, inji ne kawai da katin banki. Ga shirun da ke cikin ɗakin: dodo ya fito, mutum ɗari sun ƙame, ba mai cewa "wayyo Allah", ba mai yi wa jarumar ihu kada ta buɗe ƙofa. A nan ne kewar fada ke kama mutum, inda ake kallo ana zuba shayi, kowa na faɗin abin da zai yi da shi ne a ciki.

Amma ƙananan gidajen silima na unguwa suna da wata al'ada da ta rufe duk wannan. Bayan an gama, sai a kunna fitila, malamin jami'a ko ɗan jarida ya zauna gaba, a yi muhawara. Ba a ɓata lokaci kan ko fim ɗin ya ba da tsoro. Tambayar farko kullum ita ce: wane ne dodon, kuma me mutanen ƙasar ke tsoro a shekarar da aka yi shi? Japan ta fito da Godzilla a 1954, shekara 9 bayan bam ɗin Hiroshima, kuma gwajin nukiliya ne ya tayar da dabbar. A fim ɗin Amurka Night of the Living Dead na 1968, baƙar fata ne ya tsira daga gawawwaki dare guda cur, gari na wayewa fararen fata masu bindiga suka harbe shi. A shekarar aka kashe Martin Luther King. Daga nan sai a duba wanda ya fara mutuwa, da wanda ya yi gargaɗi aka ƙi saurara masa, da wanda ya kawo magani a ƙarshe: malamin addini ne, likita ne, ɗan sanda ne, ko ba kowa? Amsar tana nuna wanda al'umma ta yarda da shi da wanda ta yanke ƙauna a kansa.

Wanda ya fi shafarmu shi ne Atlantique na Mati Diop, da ya ci kyautar Grand Prix a bikin finafinai na Kan, a Faransa, a 2019. Leburorin gini a Dakar aka hana albashin watanni, suka shiga kwale-kwale, teku ta cinye su. Sai suka dawo da dare a jikin ƴan matan unguwa, idanu fari fat, suna zaune a falon mai ginin suna neman kuɗinsu. Fatalwar ba muguwa ba ce, haƙƙi take bi. Duk wanda ya tuna mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar Aljeriya a watan Oktoba na 2013, yawancinsu mata da yara, da yawa daga yankin Kance, ya san muna da irin wannan labari a ƙofar gida. Moustapha Alassane, mai shirya finafinai ɗan Nijar, ma ya taɓa nuna hanya da fim ɗinsa Toula, labarin yarinyar da aka ba aljanin ruwa a lokacin fari. Garin da ya san layin bido a bakin famfo ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan tsoron.

To mu wa muke mayarwa dodo? Ku ƙirga a finafinan Hausa na aljanu da maita da kuke da su a waya. Tsohuwa ce marar ɗa, ko kishiya, ko baƙuwar da ba a san danginta ba. Attajirin da ya danne haƙƙin yaransa ba kasafai yake zama abin tsoro ba. Wannan ba wasa ba ne, domin yaron da ya ga haka sau ashirin, gobe in ƙanensa ya yi zazzaɓi yana sambatu ya ambaci sunan wata tsohuwa a unguwa, an gama da ita. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai yana sa sambatu, asibiti yake so. Tsohuwar kuwa ta shiga uku, ba mai sayen ƙosanta, ba mai barin ɗansa ya karɓi ruwa a hannunta.

Babban ɓacin raina shi ne yadda fim ke isa hannun yara a wajenmu. Mai tura finafinai a bakin kasuwar Dole yana zuba talatin a memori lokaci guda. Hoton talla ya ɓace, lambar shekaru ta ɓace, sunan ma an canja shi. In an yi masa fassarar Hausa, mai fassara yana ta barkwanci, uwa na jin dariya daga madafa ta ɗauka wasan yara ne, alhali ana yanka mutum a allon. Kwana biyu yaro ya fara firgita cikin barci, ya koma fitsarin kwance, ya ƙi fita ban ɗaki da dare. A yi ta neman magani, ba wanda ya buɗe wayar.

Gyaran bai kai kuɗin tikiti ba. Ka sa mai turawa ya bar ainihin sunan fim, ka rubuta shi a intanet, lambar shekarun za ta fito. In ba suna, ja fim ɗin ka duba wuri uku: minti biyar na farko, tsakiya, da kwata na ƙarshe, domin a nan ake ajiye jini. In yaro ya riga ya gani, kada a yi masa tsawa ko dariya. A zauna da shi da rana, a kashe sautin, a sake nuna masa wurin. Rabin tsoron a kiɗa yake da ƙarar da ake bugawa ba zato, in an cire su sai ya ga mutum ne da fenti a fuska. Ƴan fada kuma, da ɗaliban Jami'ar André Salifou, minti 15 bayan kallo ya isa ku tambayi juna dalilin da ya sa dodon ya zama mace tsohuwa, kuma wa ya ci riba da hakan.