Gargaɗi kan masu karɓar kuɗi da sunan goge hoton tsiraici daga intanet

Saƙon yakan shigo da dare, ta WhatsApp ko Instagram, daga lambar da ba a sani ba. Da sallama yake farawa: "'Yar'uwa, Allah ya rufa asiri. Na ga hotonki a wani shafin banza, har da sunanki da unguwarku. Ina da mutumin da zai cire shi kafin 'yan gari su gani." Sai ya turo hoton shafin, ga fuskar yarinya a jikin da ba sutura, ƙasa kuma maganganun batsa da Turanci. Muna jan kunnen 'yan matan Katsina da iyayensu, musamman gidan da aka sa rana ko aka kawo lefe, domin nan ne tsoro ya fi saurin buɗe aljihu. Kada a tura ko kwabo. Sau da yawa mai kawo labarin shi ne ya ɗora hoton.

Sai an san yadda waɗannan shafuka suke kafin a gane dabarar. Wanda ya fi suna shi ne 4chan, da Christopher Poole ya kafa a Amurka a 2003 yana ɗan shekara 15, ya kwaikwayo shi daga Futaba na Japan. Ba a rajista, ba a neman suna. Kowa na iya ɗora hoto ya buɗe zance, wasu su biyo da sharhi. Kowane sashe yana da iyakar zantukan da yake riƙewa. In sabo ya shigo, tsohon da aka daina tanka wa sai ya gangara har ya faɗi. A sashe mai cunkoso, cikin 'yan awanni zance ya ɓace. Wanda ya ɗora kuma yana iya share nasa jim kaɗan bayan ɗorawa.

To nan ne macucin ke cin abinci. Shi zai ɗora, ya ɗauki hoton shafin, ya nemi misali naira 20,000. Da kuɗi sun shiga sai ya share da hannunsa, ko ya jira zancen ya faɗi don kansa, sannan ya turo adireshin: "Duba, an cire." Yarinya ta duba ta ga babu, ta yi hamdala har ta gode masa. Bayan kwanaki ya sake ɗorawa, ya ce wani ne ya ajiye kwafi, wannan karon aikin ya fi wuya, sai an ninka. Wani ma bai taɓa ɗora komai ba. A kwamfuta ana iya sauya rubutun kowane shafi a ɗauki hotonsa, alhali a ainihin shafin babu abin da ya canza.

Hoton kansa ba lallai ya zama na gaske ba. Fuska ɗaya daga status, ko hoton kamu da na dina, ko bidiyon TikTok, ta isa a sa ta a manhajar da ke ƙera tsiraici. Na gaske kuwa yakan fita ne ta hannun tsohon saurayi, ko wayar da aka sayar ba a share ba, ko aka bari wurin gyara a buɗe.

Abin da ya fi kuɗin muni shi ne buƙata ta biyu. Zai ce a turo masa ainihin hoto ko ɗan bidiyo "don injin ya gane wanda zai goge". A da na ƙarya yake riƙe da shi, yanzu an miƙa masa na gaske. Ko ya ce wasu lambobi 6 za su shigo wayar, a karanto masa. Lambobin buɗe WhatsApp ɗinki ne a wayarsa, da su zai shiga zaurukan dangi da na ƙawaye. A lura kuma da asusun da ya bayar: sunan da ke kai ba nasa ba ne, sau da yawa na mai POS ne ko na wanda aka ara.

Masu kula da shafi ne kaɗai ke iya cire abin da wani ya ɗora, kuma maɓallin kai ƙara kyauta ne. Akwai ma wasu shafuka daban da ke kwafe zantukan suna adanawa, waɗanda ba wani ɗan tsakani da ke da iko da su. Shafin Anon-IB, da ya yi ƙaurin suna wajen yaɗa hotunan mata, sai da 'yan sandan Holan suka ƙwace na'urorinsa a 2018. Ba aikin yaro mai waya ɗaya ba ne.

Biya ba ya kashe wutar, kuma samari ma ba su tsira ba. A Maris 2022 wani ɗan shekara 17 a jihar Mishigan ta Amurka ya biya masu yi masa barazana da hotonsa dala 300, aka ci gaba da matsa masa, ya kashe kansa. 'Yan gida ɗaya daga Legas, Samuel da Samson Ogoshi, aka ɗaure kan wannan laifi, kowanne shekara 17 da rabi, a Satumba 2024.

In saƙon ya zo, kada a yi roƙo ko zagi, kuma kada a share hirar. A ɗauki hoton lambarsa, da lambar asusu da sunan da ke kai, da adireshin shafin, da lokaci, sannan a toshe shi. A kunna mukulli na biyu, wato matakin tsaro na ƙari da ake kira two-step verification, a WhatsApp da Instagram. In an riga an biya, a je banki nan take da shaidar tura kuɗin. A kai ƙara ga 'yan sanda ko EFCC. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, ta shafi irin wannan barazana.

Wadda ta kai shekara 18 lokacin da aka ɗauki hoton ta shiga shafin StopNCII.org, wadda ba ta kai ba a lokacin ta yi amfani da shafin Take It Down. Duka kyauta ne, kuma hoton ba ya barin wayar. Tambarinsa na lambobi kawai ake ɗauka, a ba Facebook da Instagram da TikTok su tare shi. Wannan bai kai ga shafukan da ba su shiga tsarin ba, amma Google na da fom na cire irin hoton daga sakamakon bincike, shi ma ba a biya.

Iyaye, don Allah in ɗiyarku ta zo da wannan magana tana kuka, a fara karɓar wayar a adana shaida, ba duka ba. Macucin ya dogara ne kacokan da cewa ba za ta iya faɗa a gida ba. Wanda kuma aka turo wa hoton, kada ya tura wa wani "don ya tabbatar", ko da yayanta ne. Ya kira gidansu ya faɗa da baki, ya ba su lambar da ta turo, sannan ya share shi daga wayarsa.