Batirin Agogon Kwamfutar Tebur: Wanne Za Ka Saya, Wanne Za Ka Guda?

Idan kwamfutarka ta tebur ta fara tashi da safe tana nuna maka shekarar da ta wuce tun tuni, ko kullum sai ka danna F1 kafin ta yarda ta shiga Windows, kada ka yi saurin kinkimarta zuwa wajen mai gyara. Yawanci ɗan batirin nan ne mai kama da kwandala da ke manne a jikin madabod, wato babban allon da ke cikin kwamfuta, ya mutu. Sunansa CR2032, kuma shi ke riƙe da agogo da saitin BIOS, manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, a duk lokacin da babu wuta. Tsofaffin HP sukan rubuta maka "163-Time & Date Not Set", Dell kuma ta ce "Time-of-day not set". Daga nan sai Chrome ya ƙi buɗe shafin banki ko na JAMB, ya ce agogonka yana baya, domin takardar shaidar tsaron kowane shafi tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma da agogon kwamfutarka ake auna su.

Amma kafin ka sa hannu a aljihu, tsaya ka ga irin ɓatan da agogon yake yi. Idan shekara da wata suna nan daidai, awa ɗaya cur ko awanni ne kawai suka goce, to batiri ba shi da laifi. Kwamfutocin gwanjo kan zo da saitin yankin da aka yi amfani da su. Wadda ta fito daga Ingila ita ta fi ruɗar mutane: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacin Landan daidai yake da na Kano da Yamai, sai mutum ya ɗauka lafiya lau take, ana shiga Nuwamba ta ja baya da awa guda. Maganinta kyauta ne, ka shiga saitin lokaci ka zaɓi "West Central Africa". Shi ne na Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi; 'yan'uwa na Gana suna baya da awa ɗaya, na Sudan suna gaba da awa ɗaya. Haka kuma wanda ya haɗa Windows da Linux a kwamfuta guda zai riƙa ganin wannan awa ɗayar tana kai da komo, saboda Linux yana ajiye lokacin duniya na UTC a madabod, Windows kuwa lokacin gari yake ajiyewa. Umarni ɗaya a Linux ya isa: timedatectl set-local-rtc 1. Duk mai gyaran da ya karɓi kuɗin batiri a kan wannan, ya dai karɓa ne kawai.

Alamar batiri a fili take. Ka saita lokaci, ka kashe kwamfuta, ka zare wayar wuta ta kwana. In da safe ta koma shekarun baya, shi ne.

Akwai dalilin da ya sa wannan matsala ta fi addabarmu. Muddin kwamfuta na jone da wuta, ko a kashe take, akwatin wutarta yana ci gaba da ba madabod ɗan bolt 5, kuma da shi agogon ke tafiya, batirin yana hutawa. Sai an ɗauke wuta yake karɓar aiki. Littattafan madabod na Intel sun ƙiyasta masa shekara 3 idan kwamfuta ba ta jone. To kwamfutar da ta yi shekaru a wani ofis a Turai, ta yi watanni a kwantena, ta yi wasu a shago, sannan ta zo gidan da NEPA ke leƙowa ta koma, ga shi kuma mu da kanmu muke zare waya da dare don tsoron wuta mai ƙarfi, me kake tsammani ya rage a cikinsa? Shi ya sa nake cewa duk wanda ya sayi kwamfutar gwanjo ya canza batirin ranar da ya kawo ta gida, ko bai ga alama ba.

Ni dai Panasonic nake saye, kuma shi nake sa wa mutane. Ba wai don ƙarfinsa ya zarce na saura a takarda ba, domin a ma'aunin yawan cajin batiri, yawancin manyan kamfanonin suna tsakanin mAh 220 da 240 ne, shi kuma 225 aka rubuta masa. Abin da agogon kwamfuta ke so daban ne da abin da rimot ɗin mota ke so. Rimot kan ja wuta da ƙarfi na ɗan lokaci ya saki. Agogo kuwa tsotsa yake a hankali, dare da rana, shekara da shekaru, a cikin akwatin da ya sha zafin Afrilu da ƙurar hunturu. A irin wannan aikin abin dubawa shi ne rufin batirin: kada ya yi yoyo, kada ya zubar da ƙarfinsa yana zaune. Na sha buɗe tsofaffin Dell da HP da Lenovo da suka haura shekara goma, in tarar da Panasonic ɗin da ke ciki ya mutu murus amma jikinsa tas yake, babu farin gari, babu tsatsa a ƙarfen da ke riƙe shi. Wannan shi ya saye ni. Batirin da ya mutu da mutunci canza shi kawai za ka yi, amma wanda ya yi yoyo ya ci mazauninsa, sai an kai ga mai like da dalma.

Wani abin kuma, gefensa yana zama daram a mazauni, ɗan maƙallin ƙarfen nan ya kama shi ka ji ƙas. Kuma kada rubutun Indunusiya a jikinsa ya tsorata ka, kamfanin yana da masana'anta a can, ba alamar jabu ba ce. Suna da wani kuma mai suna BR2032, wanda sinadarinsa ya bambanta, ya fi jure zafi, ƙarfinsa ya ɗan gaza na CR. In kwamfutar a ɗakin kwano take babu fanka, kuma ka dace ka same shi, ka saya. Samunsa ne aiki.

Maxell na Japan ne, yana da kyau, in babu Panasonic shi nake ɗauka ba tare da fargaba ba. Murata su ne suka sayi sashen batirin Sony a 2017, don haka duk katin da ka gani yau da sunan Sony a kan CR2032, ko tsohon ajiya ne ko jabu. Renata na Suwizalan ne, masu gyaran agogo sun san shi, ya fi tsada ba tare da ya ƙara wa kwamfuta komai ba. Energizer ba laifi, kuɗin suna ne. Duracell kuwa sun shafa wa nasu wani abu mai ɗaci don kada yara su haɗiye, niyya mai kyau, amma Apple da kansu sun yi gargaɗin cewa wasu batura masu irin wannan shafe na iya ƙin aiki a AirTag, 'yar na'urarsu ta gano kayan da suka ɓata, ni kuma ba na son abin da zai shiga tsakanin batiri da ƙarfe.

Kada a sayar maka da CR2025 ko CR2016 a ce ai duk ɗaya ne. Faɗinsu ɗaya, milimita 20, amma kauri ya bambanta: 3.2 da 2.5 da 1.6, lambobin ma shi suke faɗa. Siririn zai shiga ya yi ta rawa, yau ya taɓa gobe ya saki. LIR2032 mai caji kuma bolt 3.6 ne, madabod ɗin tebur ba ya cajinsa, cikin 'yan watanni ka dawo inda ka taso.

Duk wannan bayanin sunaye ba shi da amfani idan abin da ke cikin katin ba shi ne aka rubuta a waje ba, kuma a nan ne ake cutar mutane. Jabun CR2032 ya cika kasuwa, mafi yawa kuma da sunan manyan kamfanonin nan ake buga shi. Na taɓa karɓar aikin ɗakin kwamfuta na wata makaranta, na sayo katunan batiri masu guda biyar-biyar a wani shago, mai shagon har da rantsuwa cewa 'yan asali ne. Na gwada su da mitar auna wuta, kowanne bolt 3.3. Kafin zangon karatu ya ƙare rabin kwamfutocin sun koma neman F1, wasu biyu kuma batirin ya kumbura ya zubo farin gari a mazauni. Da na koma, cewa ya yi: "Yallaɓai, ai ka gwada da hannunka." Gaskiya ya faɗa, kuma nan dabarar take. Mita ba ta jan wuta, don haka ko batirin da ke da kwata na ƙarfin da aka rubuta zai nuna maka bolt 3 da ɗoriya. Gwajin da ke tona asiri shi ne ka ɗora masa kaya: ka haɗa rizisto na kilo'om 1 tsakanin sama da ƙasansa, sannan ka auna. Na ƙwarai zai tsaya kusa da bolt 3, jabu kuwa za ka ga lamba tana zamewa ƙasa a gaban idonka.

Tun daga kati ma kana iya ganewa. Na asali takardarsa tana da kauri, launinta ya zauna, kuma akwai ranar ƙarewar aiki da aka buga a fili, sau da yawa shekaru masu yawa nan gaba. Jabu takardarsa laushi, robar da ta rufe batirin da ɗan yatsa kake ɓare ta, ranar ƙarewa ko babu, ko kuma an buga ta tare da sauran rubutun kamar ado. Duba rubutun da ke jikin ƙarfen: na ƙwarai siriri ne, zurfinsa ɗaya, jabu wani harafin ya nutse wani ya ɓace. Juya shi ka dubi zoben robar da ya raba sama da ƙasa, in ka ga ya karkace ko akwai ɗan danshi, ajiye musu kayansu. Nauyin na gaske kimanin giram 3 ne; wanda ke da ɗan sikelin masu zinare zai ga jabu da yawa ba sa kaiwa. Sai farashi. Idan kati mai guda biyar bai kai kuɗin guda ɗaya na babban kanti ba, ai ka san araha ba ta ado.

Akwai wata cutar da ta fi wannan ciwo, ita ce ta batirin da aka ciro daga matattun madabod, a goge shi da tsumma ya yi ƙyalli, a zuba a roba ana sayarwa ɗai-ɗai. Sunan jikinsa na gaskiya ne, rubutun ma na gaskiya ne, sai dai ya riga ya ci shekarunsa. Kada ka sayi batirin da ba a cikin katinsa yake ba, ko da kuwa mai shagon ɗan unguwarku ne. Haka masu tallar da ke shanya kati a faranti cikin rana, ko na asali ne zafi ya gama da shi. Ni yanzu a babban kantin magani nake saye, inda ake sayar da na'urar gwajin suga, domin da yawansu CR2032 suke ci, kuma masu kantin sun san abin da zai biyo baya in na'urar mai ciwon suga ta mutu bayan sati. Wasu masu gyaran agogo na tsakani da Allah ma suna ajiye na ƙwarai.

Wani ha'incin kuma a wajen sayen kwamfutar ne. Mai shago ya saita mata lokaci, ya bar ta jone da inji, ka zo ka ga komai daidai. Ka ce masa: "Alhaji, a kashe ta, a zare waya, a danna maɓallin kunnawa a riƙe, mu ɗan jira." Bayan 'yan mintuna a mayar, ka shiga BIOS ka duba kwanan wata. In ya goce, a rage maka kuɗi ko a canza batiri a gabanka. Tunda an buɗe, ka leƙa ka ga ko akwai kafasita, 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye a kan madabod, masu kumburarren kai a kusa da furosesa. In akwai, ka bar wannan ka zaɓi wata.

Sa batirin ba wuya. Zare waya, taɓa ƙarfen akwatin da hannu, tura ɗan maƙallin gefe, tsohon zai yi tsalle ya fito. Sabon ɓangaren da ke da alamar + yana kallon sama, kuma ka riƙe shi ta gefe don kada maiƙon hannu ya shafe shi. Ƙananan kwamfutoci irin Intel NUC nasu a naɗe yake cikin roba da 'yar waya mai baki biyu, irinsa za ka nema, kada ka yarda a ɗora dalma kai tsaye a jikin batiri, yana iya fashewa. Kafin ka cire tsohon, in kwamfutar tana tashi, ɗauki hoton shafukan BIOS da waya, musamman saitin SATA, wanda ke kula da yadda hadis, wato ma'ajiyar bayanai, ke haɗuwa da madabod. A wannan saitin Dell da yawa sukan koma zaɓin RAID da kansu, in kuma a zaɓin AHCI aka sa Windows sai ta watso maka shuɗin allo, nan take wani ya ce hadis ɗinka ya mutu. Bayan ka gama, saita kwanan wata da hannu tukuna, domin Windows kan ƙi gyara tazara mai yawa da kanta, sannan ka danna "Sync now". Tsohon batirin kuma ka jefar da shi inda yaro ba zai tsinta ba, haɗiye shi na iya ƙona maƙogwaro cikin 'yan awanni.

In ka sa batiri na ƙwarai amma har yanzu tana manta lokaci, duba mazaunin: tsatsa ko ƙarfen da ya saki. Goge shi da auduga da sifirit, ka ɗan ɗago ƙarfen. Gocewar minti ɗaya a wata ba ciwo ba ce, Intel ma minti 13 a shekara suka rubuta wa nasu, intanet zai riƙa daidaita ta. Amma idan agogon yana tsayawa cik ko yana zubar da awanni a rana, to ɗan kiristal ɗin da ke ƙirga lokaci a madabod, mai bugun 32,768 a daƙiƙa, ne ya gaji, kuma mai gyaran waya da ya iya like zai canza shi da kuɗi kaɗan. Ka gwada wannan kafin ka saurari mai cewa sai sabon madabod.