Everest ko Kilimanjaro, wanne ya dace da wanda ya manyanta?

In mutum ya haura 60 kuma yana ta mafarkin hawa dutse, to gaskiya wadannan biyun ba daya bane. Kilimanjaro na Tanzaniya tsayinsa mita 5,895 ne, tafiya ce kawai a kafa, ba igiya ba tsani, kwana 5 zuwa 9 an gama. Matsalarsa iska, kana hawa tana raguwa, kai ya dinga sarawa ga amai, shi yasa masu kai mutane ke cewa a bi hanyar da ta fi dadewa jiki ya saba a hankali. Anne Lorimor 'yar Amurka ta kai kololuwarsa a 2019 tana da shekara 89.

Everest kuwa wani abu ne daban wallahi. Mita 8,849, kusan wata biyu ake yi a can, ga tsallaka ramukan kankarar Khumbu a kan tsani, in aka wuce mita 8,000 kuma iskar da kake shaka kusan kashi daya cikin uku ce ta wadda ke kasa, sai da tukunyar iska a baya. Eh, Yuichiro Miura dan Japan ya hau a 2013 yana 80, amma shi tun yana matashi yake harkar duwatsu. Min Bahadur Sherchan dan Nepal ya je kwace masa kambun wanda ya fi kowa tsufa a hawa Everest a 2017 yana 85, a sansanin kasa ya rasu tun kafin ya fara hawa sosai.

Ni dai in za a tambaye ni, Kilimanjaro, shi ma sai likita ya duba zuciya da gwiwoyi tukuna, don saukowar ce ke cin gwiwa.