Sirinji, iska ko mai: wane kayan koyon haidrolik za ka saya wa ɗalibanka?

Na taɓa shiga ɗakin gwaji na wata kwalejin fasaha, na tarar da teburin koyon haidrolik, wato fasahar tura kaya ko ɗaga su da matsin mai ko ruwa, sabo fil a lulluɓe da tamfol, ƙura ta yi masa rawani. Injin famfonsa wuta mai layi uku yake ci, ɗakin kuwa layi ɗaya aka ja masa. Ɗalibai suna ta zana bawul, wato abin da ke buɗe wa mai ko iska hanya ko ya rufe, a allo, ga bawul ɗin nan a gefensu ba mai taɓa shi. Abin ya tsaya mini a rai. Shi ya sa duk malamin da ya ce mini an ware masa kuɗin kayan aiki, nakan fara tambayarsa: hannu nawa ne za su taɓa kayan nan a mako, kuma wace gasa ko wane aiki kake shirya yaran su fuskanta?

Mafi araha shi ne sirinji da siririn tiyo da ruwa da 'yan katakai. Kada ka raina shi. A Amurka, ƙungiyar masana'antun wannan fanni, NFPA, mai hedikwata a Milwaukee, da irin kayan nan take shirya wa yaran ƙaramar sakandare gasar Fluid Power Action Challenge. Ana tara su rana guda a koya musu, su koma makaranta su yi makonni suna tsara na'urarsu, sannan su dawo su haɗa ta a gaban alƙalai, ta ɗauki wani ɗan abu daga nan ta ajiye can. Kamfanoni ne ke ɗaukar nauyi, injiniyoyinsu kuma su zo su yi alƙalanci. Mu a nan ba sai mun yi odar komai ba: sirinji na kemis, tiyon ƙarin ruwa, kafinta ya yanka maka katako. Ka haɗa sirinji mai cin mil 5 da mai cin mil 20, ka ba yaro ya danna ƙaramin. Zai ji da yatsansa yadda babban yake turowa da ƙarfi amma tafiyarsa kaɗan ce. Ƙa'idar Pascal ke nan, ta shiga ta yatsa kafin ta shiga ta littafi. Sai ka sa kala a ruwan, don idan iska ta shiga tiyo su gan ta, su gane dalilin da birkin mota yake yin laushi. Iyakar sirinji ita ce ba ya koyar da bawul, ba ya koyar da karanta zanen da ke nuna yadda ake haɗa famfo da bawul da silinda.

Daga nan sai allon iska, wato allon da ake ɗaura bawul da silinda masu aiki da matsin iska, kuma a nan nake so mai kuɗi tsaka-tsaki ya zuba yawancin abin da ke hannunsa. Ana aiki da matsin da bai wuce bar 6 ba (bar ma'aunin matsi ne). Silinda mai faɗin milimita 20 a wannan matsi tana tura nauyin kusan kilo 19, wanda ya isa ɗalibi ya girmama ta, bai kai ya karya masa hannu ba. Idan ya yi kuskuren haɗi, iska ce za ta yi tsaki ta fita, ba mai ne zai wanke masa riga ba. Cikin darasi ɗaya rukuni zai haɗa ya kwance sau biyar. Gasannin ma iska suka fi amfani da ita: a gasar mutum-mutumi ta FIRST, doka ta tsayar da iskar da ake tarawa a psi 120 (psi ma ma'aunin matsi ne), wadda ake aiki da ita kuma a psi 60. A WorldSkills, gasar sana'o'i ta duniya, ɓangaren mekatronik (haɗakar injina da lantarki da kwamfuta) da kayan kamfanin Festo ake fafatawa.

To, na wa za ka saya? Festo Didactic na Jamus yana da saitin TP 101 na matakin farko, SMC na Japan ma yana da nasa. Kayansu masu kyau ne, da littattafan darasi a tsare, kuma alamomin da ke jikinsu na ƙa'idar duniya ta ISO 1219 ne, waɗanda ɗalibi zai tarar a kowace masana'anta. Tsadarsu kuwa sai ka riƙe baki. Idan gasar da ake yi da kayan Festo ka nufa, babu makawa, ka sayi ko da saiti ɗaya, domin hannun da ya saba da kaya ya fi sauri ranar gasa. Idan kuwa makanikan masana'anta kake son fitarwa, ka sayi bawul da silinda na kasuwa, ka ɗaura su a kan allo da kanka. Kuɗin saiti ɗaya na kamfani zai iya ba ka alluna da yawa, kuma alluna huɗu na gida sun fi ɗaya na Turai da yara arba'in suke leƙe ta kafaɗar juna. Abin da ba a yin rowa a kansa shi ne kwamfureso marar ƙara da matatar iska mai tsane ruwa. Ƙurar hunturu da laimar damina su ne ke kashe bawul a ƙasarmu.

Teburin mai shi ne sarki, kuma shi ya fi kusa da abincin yaranmu, domin tifa da katafila da tarakta duk da mai suke ɗagawa. Festo yana da TP 501, Bosch Rexroth ma yana ƙera nasa. Na koyo yakan yi aiki a wajen bar 60, alhali katafila tana haura bar 300. Ko a bar 60 ɗin, mai da ya tsarto ta ƙaramin huji yana iya ratsa fata, don haka ba a laluben yoyo da hannu, kuma ba a barin ɗalibai su kaɗai da shi. Ɗaya ya ishi sashe guda, ga manyan ɗalibai.

Manhajar kwaikwayo irin FluidSIM ta Festo ko Automation Studio ta kamfanin Famic na Kanada tana da amfani wajen gwada zane kafin a haɗa. Amma a kwamfuta tiyo ba ya yoyo, sil, wato robar da ke hana yoyo, ba ya cinyewa. Ƙari ce a kan allon iska da teburin mai, ba ta maye gurbinsu.

Kafin ka sa hannu a takardar ciniki, ka sa dillali ya rubuta maka irin wutar da injin ke ci, lambar man da ake zuba masa, da inda za ka samu sil da tiyo a Kano ko Kaduna ko Legas ba tare da jiran jirgi ba. Ka nemi horar da malamai biyu a cikin farashin, domin ɗaya yana iya samun canjin wurin aiki. Sannan ka je wurin masu gyaran katafila na garinku ka roƙi mataccen famfo da tsohuwar silinda. Sau da yawa kyauta za su ba ka, wani ma ya biyo ka makaranta ya kwance su a gaban yara.