Abin da na ƙara wa RAV4 ɗina a Legas, da abin da na ƙi saye

Motar Toyota RAV4 ce ƙirar 2010, tokumbo daga Amurka, mai injin lita 2.5 da giya mai sauya kanta. Ba ta alfarma ba ce, amma a Legas irinta ce ke yi wa mai iyali aiki: cikinta ya ɗaga daga ƙasa kusan santimita 19, kuma ba ta da girman da zai hana ta shiga lungunan Agege inda nake zaune. Tun ranar da ta zo hannuna masu kayan ƙawa suke bina, kowa da abin da yake so in liƙa mata. Wasu na saya, wasu na ce a kai kasuwa. Kuma cikin waɗanda suka amfane ni, kusan babu wanda mai wucewa zai hango daga waje.

Na farko a wurina tabarmar ƙafa ce ta roba, mai baki a ɗage kamar faranti. Wanda bai yi damina a garin nan ba zai raina ta. Ruwa yakan kankama tun Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, sannan ya dawo a Satumba. Duk tsawon lokacin nan yara na shiga mota da takalmi jiƙe, kafet ɗin asali kuma idan ya sha ruwa ba ya bushewa a wannan iska mai laima, sai wari, sai funfuna, sai tsatsa ta fara cin ƙarfen ƙasa ba ka sani ba. Ta roba kuwa ka zaro, ka juye, ka ɗauraye a famfo, shi ke nan. Amma jama'a a kula: a cire tsohuwar kafin a shimfiɗa sabuwa, kada a ɗora wata kan wata, kuma ta gefen direba a maƙala ta a ƙugiyarta. A 2009 sai da Toyota ta kira miliyoyin motoci a Amurka saboda tabarmar ƙafa na iya zamewa ta danne totur. Ba wasa ba ne.

Na sa irinta a but, babba, wadda ta rufe ko'ina. Ita ce ta mayar da motar ta zama ta cefane da gaske. Mai zuwa kasuwar Mile 12 ya san yadda kwandon tumatir ke tsiyaya, ga buhun albasa mai zubar da ɓawo, ga jarkar manja da ba a taɓa rufe ta ta rufu ba. Idan kayan sun yi yawa, akwai mariƙi a jikin but da za ka ja kujerun baya su kwanta, fili ya samu. Da Babbar Sallah har rago ta ɗauko mana daga kasuwar dabbobi ta Kara. Na shimfiɗa tamfol a kan robar, na ɗaure shi ƙafa huɗu, yaron maƙwabcina ya zauna yana riƙe da ƙaho. Fitsarin bai taɓa kafet ba, amma warin sai da ya yi mana kwanaki yana gaishe mu kowace safiya.

Wannan ƙirar safayarta a jikin ƙofar baya take, saboda haka akwai rami mai murfi a ƙarƙashin but. Nan na mayar rumbuna. Abin kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku, waɗanda jami'an kiyaye haɗurra ke tambaya, suna ciki. Sai igiyar jan mota, wayar tayar da batir, tocila, da kuma darduma da buta da galan ɗin ruwa. Magariba ta sha riskata a gosulon hanyar Ikorodu, da na samu gidan mai sai in ratse in yi alwala ba tare da na roƙi kowa ruwa ba.

Batun taya shi ne inda muka fi yin gardama da bakanikena. Ya so in sa manyan rim masu ƙyalli da siririyar taya. Ya ce, "Alhaji, wallahi idan ka sa su, sai an ɗauka sabuwa ce." Na ce masa, "Malam, ramukan hanyar Abule Egba ba su san sabuwa ba." Tayar da motar ta zo da ita 225/65 R17 ce. Wannan 65 ɗin na nufin tsayin gefen taya ya kai kashi 65 cikin ɗari na faɗinta, kuma wannan naman ne ke shanye duka idan ka faɗa rami. Ka rage shi, dukan ya koma kan rim da shokozoba da bayanka. Na bar girman yadda yake, na zuba kuɗin a sababbin tayoyi.

Mai sayen taya ya duba lambobi huɗu da ke gefenta. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2322, alal misali, mako na 23 ke nan na 2022. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ɗaukar taya ta tsufa bayan shekara huɗu da ƙera ta. Sannan a cikin na tokumbo akwai masu tambarin dutse da ƙanƙara, waɗanda aka yi don hunturun Turai da Kanada. Zanensu na da zurfi, suna ɗaukar ido, amma robarsu mai laushi ce, zafin kwaltarmu yana cinye su da wuri.

Tare da tayoyin na sayi ɗan famfon iska da ake jonawa a soket ɗin mota, da ma'aunin iska na hannu. Kuɗinsu bai kai na cika tanki sau ɗaya ba. Masu faci da yawa idan ba ka tsaya a kansu ba sai su dura maka iska har taya ta yi tauri, alhali takardar da ke manne a bakin ƙofar direba ta faɗi abin da ake so, a tawa PSI 32, wato lambar da ma'aunin zai nuna. A auna da safe kafin taya ta ɗau zafi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, tankin nan mai lita 60 ya zama abin da mutum ke lissafi kafin ya cika, kuma taya mai ƙarancin iska mai take sha a banza. Famfon yana da ƙara, yana da nawa, amma idan ƙusa ta same ka a Gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8 babu mai faci ko ɗaya, zai ba ka iskar da za ka sauka.

Kamarar gaba mai ɗaukar hanya ita ma ta biya kuɗinta. A Legas idan danfo, wato ƙaramar bas ta haya, ya goge ka, wanda ya fi ɗaga murya shi ke da gaskiya, sai fa in akwai hoto. Wata rana direba da kwandastansa sun sauko suna rantsuwa ni na shigo musu, da na juya musu allon sai muryar ta sauka, muka koma maganar fenti. A nemi wadda ba ta da batir a ciki, domin mota idan ta wuni a rana zafin gilashi yana kumbura batirin. Kuma kada a bar ta tana ɗauka dare da rana in motar za ta daɗe a ajiye, za ta shanye batirin motar.

Babban allon nan da ake sawa a madadin rediyo, ra'ayina a kansa rabi da rabi ne. Kamarar baya da ta zo tare da shi tana da amfani ƙwarai, don safaya tana tare wani sashe na gilashin baya, kuma a unguwa irin tamu yaro na iya tsugunawa a bayan mota ba ka gan shi ba. Amma allon kansa idan ya ɗau zafi sai ya riƙa tunani kafin ya amsa, da rana kuma haske ya hana ka ganin komai. Taswira a waya nake dubawa, na kafe ta a mariƙi kusa da sitiyari, rediyo kuma yana kan 96.1 don jin inda hanya ta toshe. Wanda kuɗinsa bai kai ba ya sa kamarar baya da ƙaramin allo kawai, bai rasa komai ba.

Baƙin gilashi ban sa ba. Yana buƙatar izinin 'yan sanda, kuma ko da takarda a hannu, tsayawa ce a kowane shinge. Labulen raga da ake zurawa a tagogin baya ya ishe yara inuwa, da mayafin gilashin gaba idan na yi fakin. Matatar iskar esi, wadda ke bayan akwatin gaban kujerar mai zaman banza, da hannu ake canza ta ba sai an je gareji ba. Na fi duba ta bayan tafiyar gida, idan mun bi ta Ilori da Jebba da Mokwa cikin hunturu, don ƙura takan toshe ta har sanyi ya ragu.

Ƙarfen gaban bamba na ƙi shi, nauyi ne kawai, kuma idan ka bugi mutum da shi illar ta fi muni. Ƙarafan ɗora kaya a rufi ina da su amma sai za a yi doguwar tafiya nake ɗaurawa, saboda suna kama iska suna ƙara shan mai. Sai masu cewa jif ce, ta shiga kowane ruwa. Babu abin da za ka saya a kasuwar kayan mota ta Ladipo da zai mayar da ita kwalekwale. Idan ruwa ya haura rabin taya a Lekki ko Oshodi, juyawa nake yi, domin injin da ya zuƙi ruwa ta hanyar iska sai dai a sauke shi.

Yanzu rigar kujera ce ta rage. Uwargida ta fi son mai kama da fata don saurin gogewa, ni kuma na san yadda take ƙona baya da azahar. Ga shi kujerun gaba suna da jakar iska a gefe, rigar da aka ɗinke ruf za ta iya hana ta fitowa ranar haɗari. Mun daidaita a kan yadi mai kauri, kuma na riga na nuna wa telan da ke bayan masallacinmu inda zai bar tsaga a kowace kujera.