WordPress a hannuna shekara takwas: kyauta ne, amma da sauran magana

Duk wanda ya shigo shagona neman a gina masa shafin intanet, tambayarsa ta farko nawa ne. Da na faɗi kuɗi, na kuma ce da WordPress, manhajar gina shafukan intanet, zan gina, sai ya gyara zama ya ce, "To ba an ce kyauta ne ba?" Na amsa wannan tambaya a tsaye, na amsa ta a waya, na amsa ta har a wurin ɗaurin aure. Yau dai na ce bari in zauna in rubuta amsar gaba ɗaya, wanda ya sake tambaya in tura masa.

E, kyauta ne. Matt Mullenweg da Mike Little suka fito da shi a 2003, daga wata tsohuwar manhajar rubutu mai suna b2, kuma suka sake shi a ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar ya ɗauka, ya gyara, ya raba, ba tare da ya biya ko kwabo ba. A yau fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet na duniya a kansa suke zaune. Sai dai mutane suna rikita abu biyu. Akwai WordPress.com, wanda kamfanin Automattic ke gudanarwa, inda za ka yi rajista su riƙe maka komai. Akwai kuma WordPress.org, inda za ka sauke manhajar ka ɗora a kan sabar da ka kama haya da kanka, wato kwamfutar da ke riƙe shafin a intanet. Na biyun nake amfani da shi, a kansa kuma nake magana.

Abin da ba kyauta ba shi ne filin da za a yi ginin. Sunan shafi ana biyansa duk shekara, hayar saba ma haka. Da can ina saya wa mutane daga kamfanonin waje da dala, har 2022 ta zo bankuna suka taƙaita abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, wasu ma suka rufe ƙofar baki ɗaya. Aka shiga Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kuɗin sabuntawa ya ninka a idon kwastoma alhali ni ban ƙara ko sisi ba. Tun daga nan yawancin ayyukana suka koma sunaye masu ƙarewa da .ng ko .com.ng, waɗanda hukumar NiRA ke kula da rajistarsu, ana kuma biya da naira. Wannan ba laifin WordPress ba ne, amma wanda zai shiga ya kamata ya san da shi.

Ni da Blogger na fara, kamar yawancin sa'o'ina da suka taso zamanin 2go da Opera Mini. Ban raina shi ba har gobe, don ɗalibin da ke son ya riƙa zuba rubutunsa ba ya buƙatar abin da ya wuce shi. Abin da ya ja ni zuwa WordPress shi ne ranar da aka nemi in yi shafi mai kanti a ciki, da farashi, da wurin biyan kuɗi. Da WooCommerce, manhajar ƙari mai mayar da shafi kanti, da wani ɗan ƙarin da ke haɗa shi da Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, na gama cikin mako guda abin da da hannu zan rubuta shi sai na yi wata uku.

Amma ma'aunina na gaskiya ba saurin aikina ba ne. Ma'aunin shi ne, bayan na miƙa makulli na tafi, mai shafin zai iya sa kayansa da kansa ko sai ya kira ni? Akwai wata Hajiya mai haɗa humra da turaren wuta, sa'ar mahaifiyata ce, 'yarta ta kawo ta. Ranar da zan koya mata, ta riƙe wayar nesa da fuska kamar mai duba takardar asibiti, ta ce, "Ɗan nan, ni fa ban yi boko mai nisa ba, kada ka wahalar da kanka." Na ce, "Hajiya, kina sa hoto a WhatsApp?" Ta ce ƙwarai. Na ce to kin gama karatun. Na nuna mata inda za ta danna ta ɗora hoto, inda za ta rubuta suna, inda za ta sa kuɗi. Ta yi na farko hannunta na rawa, ta sa kwalbar humra a kife. Na biyu ya tafi daidai. Bayan kwana biyu na leƙa shafin na tarar da kaya goma sha ɗaya sababbi, kowanne da bayaninsa cikin Hausarta mai daɗi, har da gargaɗin cewa kada a zuba turaren a garwashi mai ci sosai.

Ita ce kuma ta kira ni daren Litinin 4 ga Oktoban 2021, ranar da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke tun bayan la'asar, aka yi wajen awa shida babu su. Na ɗauka ƙorafi za ta yi. Ashe albishir ne: mata uku sun nemi sunan kayanta a Google, sun faɗo shafin, sun ga lambar waya sun kira. Uku kacal, ba zan ƙara gishiri ba. Amma a wannan daren maƙwabtanta masu irin sana'ar ko ɗaya ba su samu ba. A lokacin ma Twitter a rufe yake a Najeriya, tun 5 ga Yunin shekarar, bai dawo ba sai 13 ga Janairun 2022. Wanda duk jarinsa na mabiya ke can, sai dai ya yi ta lalube ta ɓarauniyar hanya.

Sabon wurin rubutu na tubali-tubali da ake kira Gutenberg, wanda ya zo da fitowa ta 5.0 a Disambar 2018, na yi masa tawaye kusan shekara biyu. Ina gama ɗora WordPress sai in sa Classic Editor, mai dawo da tsohon wurin rubutu, in koma gidan jiya. Taurin kaina ne kawai. Da na ga kwastomomi sun fi gane shi fiye da tsohon, musamman a waya, na sauko.

Yanzu ga inda na fi so mai gina shafin Hausa ya buɗe kunne, wato haruffanmu masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. WordPress kansa yana adana su lafiya lau, domin da UTF-8 yake aiki, tsarin adana rubutu mai ɗaukar haruffan harsuna iri-iri. Matsalar tana cikin rigar da ka sa wa shafin, wadda mu a sana'a muke kira tim, da salon haruffan da ta zo da shi. Da yawa daga masu zana haruffa ba su taɓa jin labarin ƙ ba, balle su zana ta. Idan burauza ta nemi harafin ta rasa, sai ta aro shi daga wani salon dabam. Sai ka ga kalmar "ƙarƙashin" ta fito kamar an yi wa shadda faci da atamfa, ƙ biyun sun fi sauran tsawo ko sun fi su kauri. A tsofaffin wayoyi kuwa wani ɗan akwati kawai za ka gani a gurbin harafin. Na taɓa kwana ina zaɓen salo mai kyau ga shafin wata ƙungiyar marubuta, da safe na zuba rubutun Hausa na gaske, kanun farko ya fito a wargaje. Tun daga ranar, kafin in duba launi ko tsari, sai na fara liƙa jimla ɗaya a kanu da cikin rubutu: "Ɗan ƙauye ya ɓoye ƴaƴan ɓaure." In ta fito sumul, manya da ƙanana, mu ci gaba. In ba ta fito ba, komai kyan rigar na ajiye ta. Salon haruffan Noto Sans bai taɓa ba ni kunya a nan ba, shi ya sa ya zama abin hannuna ko da wani zai ce ba shi da ado.

Akwai kuma adireshin kowane rubutu. Idan ka bar ƙ a cikinsa, ranar da aka kwafa aka liƙa a WhatsApp sai ta rikiɗe ta zama %C6%99, ɗ ta zama %C9%97, adireshin ya yi tsawo ya yi kama da na 'yan damfara, mutane su ji tsoron dannawa. Haka tsarin adireshin intanet yake ga duk harafin da ba na Turanci ba. Maganin ba wuya: kanu ya zauna da ƙugiyarsa, adireshi kuma ka gyara shi da hannu ka sa k da d da b zalla. Daƙiƙa goma ce, amma sai an koya wa mai shafin, in ba haka ba ba zai taɓa lura ba.

Ƙananan manhajojin ƙari, wato fulogin, su ne daɗin WordPress, su ne kuma tarkonsa. Akwai kusan dubu 60 na kyauta a rumbunsa, kuma sabon shiga yakan ɗauke su kamar mai cin gyaɗa. Na gaji wani shafi da aka ɗora wa arba'in da ɗoriya, uku daga ciki aiki ɗaya suke yi. A kwamfutar ofis mai intanet mai ƙarfi ba ka ganin komai. Gwada shi a ƙaramar Tecno a bayan gari, da datar naira ɗari biyu, ka ga yadda mutum zai rufe tun kafin hoton farko ya bayyana. Hotuna ma haka: waya ta ɗauko hoto mai nauyin megabait huɗu, a ɗora shi yadda yake. Tun fitowa ta 5.8 a 2021 WordPress yana karɓar hotunan WebP masu sauƙin nauyi, kuma wannan kaɗai ya rage wa shafukana kaya fiye da duk wata dabara.

Sai abin da har yanzu in na tuna nake jin kunya. A shekarata ta biyu na yi wa wata makaranta mai zaman kanta shafi. Rigar da nake so ta kuɗi ce, dala wajen sittin, ni kuma na riga na yi ciniki da araha. Wani abokin sana'a ya turo min ita a Telegram, wadda aka fasa makullinta, wato ta sata, ya ce kowa da ita yake aiki. Na sa, ta yi kyau, aka biya ni, har da addu'a.

Wata biyar bayan nan shugaban makarantar ya kira ni da sassafe. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Malam, me muka yi maka?" Na ce, "Ranka ya daɗe, lafiya?" Ya ce wani uba ne ya nemi sunan makarantar a Google zai duba ranar komawa hutu, sai ga tallar caca da magungunan maza a ƙarƙashin sunan, da rubutun da ba a san ko na wace ƙasa ba ne. Makarantar da ake koyar da haddar Alƙur'ani da safe. Na buɗe shafin a kwamfutata, lafiya ƙalau, domin masu kutsen sun tsara abin ya ɓuya ga mai shafi, ya bayyana ga Google da wanda ya biyo ta Google. Cikin rigar nan da na karɓa kyauta aka dasa ƙofar baya tun ranar farko. Na shiga rumbun fayiloli na tarar da dubban shafukan bogi. Na nemi kwafin ajiya wurin kamfanin da na kama hayar saba, suka ce nasu na mako guda ne, wato shi ma da cutar a jikinsa. Kwana uku na yi ina sake ginin daga tushe, na sayi rigar da kuɗin aljihuna, na canza duk kalmomin sirri, sannan na yi makonni ina jiran Google ya share dattin daga sakamakonsa. Na je har ofis na faɗa wa shugaban gaskiya cewa ganganci na ne. Ya yi shiru, ya ce, "Allah ya kiyaye gaba." Bai sake ba ni aiki ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Mutane kan ce WordPress ba shi da tsaro. A abin da na gani, uwar manhajar ba ta cika zama hanyar shigar ɓarawo ba. Fulogin da aka bari shekara ba sabuntawa, rigar sata, da kalmar sirri irin sunan ɗan fari da shekarar haihuwa, su ne ƙofofin. Tun fitowa ta 5.5 a 2020 ana iya barin fulogin su riƙa sabunta kansu, ina kuma kunna wannan ga ƙanana. Manya irin WooCommerce da hannu nake yi, ranar Asabar da safe, bayan na ɗauki kwafin ajiya na adana a wani wuri dabam da sabar. Shi ya sa yanzu ba na karɓar aiki sai da yarjejeniyar kulawa ta shekara. Wanda ya ce shi gini kawai yake so, in ba shi lambar wani.

Rigimar da ta tashi a Satumbar 2024 tsakanin Mullenweg da kamfanin WP Engine mai ba da hayar saba ga shafukan WordPress, har ta kai kotu a Amurka, ta tayar wa masu sana'ar hankali a ko'ina, don ta nuna yawan ikon da mutum ɗaya ke da shi a kan rumbun da dukkanmu muke ɗiba. Shafukana ba ta taɓa su ba. Ina dai sa ido.

Ba kowa nake gina wa ba. Kwanaki wani Alhaji mai sayar da yadi a Kantin Kwari ya zo, ɗansa ya zuga shi cewa duk babban ɗan kasuwa yana da shafi. Na tambaye shi su wa ke saye a wurinsa. Ya ce dillalai ne daga Maraɗi da Damagaram da Agadas, shekara ashirin suna tare, hoto yake tura musu su turo kuɗi. Na ce wa zai riƙa sa sababbin kaya a shafin? Ya dubi ɗan, ɗan ya dubi waya. Na ce, "Alhaji, riƙe kuɗinka." Na karɓi wayarsa na buɗe masa WhatsApp Business, muka jera kaya ashirin a kundin tallan ciki, kowanne da farashinsa, cikin rabin awa. Ya ce nawa zai biya, na ce ya bar shi. Washegari yaronsa ya kawo min yadi biyar na shadda ruwan toka, ita na ɗinka da ƙaramar salla.