Ryzen 5 5600 da Radeon RX 6600: haɗin da ya dace da mai ƙaramin aljihu

Mai son haɗa kwamfutar wasa da kuɗi kaɗan, katin hoto ne ya kamata ya ci kaso mafi tsoka, firosesa ta biyo baya. Da wannan ma'auni, Ryzen 5 5600 ta AMD da katin RX 6600 sun cancanci kuɗinsu, muddin allonka 1080p ne.

Ita 5600 ta fito a 2022, tana da kwa 6 (ƙananan ƙwaƙwalen da ke cikinta), gudunta na kaiwa 4.4GHz, wat 65 kawai take buƙata, kuma sabuwa a kwali tana zuwa da fankarta, Wraith Stealth. Sai dai a kula da suna, domin a nan ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. 5600G da 5500 sun yi kama da ita a ido, amma ma'ajiyarsu ta L3, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri da ke cikin firosesa, 16MB ce, ita kuwa 32MB, kuma a PCIe 3.0 suka tsaya, wato tsohon samfurin hanyar da ke haɗa firosesa da katin hoto. A wasa ana jin wannan bambanci. Abu ɗaya da 5600G ta fi ta shi ne tana fitar da hoto da kanta. 5600 ba ta yi, don haka wayar allo a jikin katin hoto ake soka ta. Wanda ya soka a bayan madabod baƙin allo zai gani, ya ɗauka kayan sun lalace.

RX 6600 na da 8GB, yana cin wat 132, waya ɗaya mai fil 8 ta ishe shi. GTA V, Fortnite da EA Sports FC duk yana jan su sumul a 1080p. Inda ya gaza shi ne ray tracing, wato fasahar kwaikwayon haske da inuwa a wasa, a kashe shi kawai. Kada araha ta ja ka zuwa RX 6500 XT: 4GB gare shi, layinsa na PCIe huɗu ne kacal, a kan madabod mai PCIe 3.0 kuwa sai ya ƙara shaƙewa.

Madabod a nemi B550, ita ce ke ba katin PCIe 4.0. A520 da B450 za su yi aiki, amma tsohuwar B450 ba ta gane 5600 sai an sabunta BIOS ɗinta, wato manhajar da ke tada madabod, don haka mai shago ya kunna a gabanka kafin ka biya. RAM kuwa 16GB ta DDR4-3200, sanda biyu masu 8GB, ba ɗaya mai 16GB ba, domin guda ɗaya tana rage hanyar bayanai da rabi. A madabod mai rami huɗu, na biyu da na huɗu daga firosesa ake sakawa. Sannan a shiga BIOS a kunna XMP, ko DOCP a madabod ta Asus, wato saitin da ke ba RAM cikakken gudunta, in ba haka ba RAM ɗin za ta zauna a 2133 ko 2400. Tun da an shiga, a kunna Above 4G Decoding da Re-Size BAR, saitin da ke ba firosesa damar isa ga duk ma'ajiyar katin hoto. Ma'ajiyar fayil kuwa, SSD na NVMe mai 1TB ya fi 500GB kwanciyar hankali, wasannin yanzu sun yi girma.

Akwatin wuta, wato PSU, a nan ne ba a tsumulmula ko kaɗan. AMD ta ce wat 450 ya isa, amma 550 mai shaidar 80 Plus Bronze daga sanannen kamfani ya fi. Irin wanda ake haɗowa kyauta da kes, mara nauyi a hannu, wat ɗin da ke rubuce a jikinsa ba abin dogaro ba ne, kuma idan ya ƙone yakan tafi da madabod. Inda wuta ke sama da ƙasa ko ana canjawa zuwa janareta, UPS dole ce.

Zafin Afrilu ma abin lissafi ne. Wraith Stealth tana iya aikin, amma a ɗaki mai zafi ƙararta na ƙaruwa. Kes mai raga a gaba da fanka biyu masu shigar da iska ya fi mai gilashi a rufe, kuma lokacin hunturu a riƙa kakkaɓe ƙura. In za a cire fankar firosesa, a bar injin ya ɗan yi ɗumi, a murɗa ta a hankali kafin a ɗaga. Fizgewa kai tsaye na tumɓuko firosesar daga mazauninta, filolinta su lanƙwashe.

Katin na hannu kuwa, a sa wasa ya yi minti 20 a shagon, a duba ko fankokin biyu na juyawa, ko hoto na ɗigo-ɗigo.